Katakon Da Muke Ƙonawa Zai Iya Zama Sana'a

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, yaranmu da yawa suna zaman kashe wando. Ga shi kullum muna wuce tsofaffin katakan da ake jera kaya a kansu a Apapa, ƙarshensu a hura wutar shayi.

Da su ake yin faifan katako na ɗora tukunya mai zafi a kan tebur. Injin zarto mai siririn baki ke yanke shi, har ya fitar da dagin Arewa. Sai dai a fara cire ƙusoshi tas, don ƙusa ɗaya tana karya bakin zarton. Katako mai tambarin HT, zafi aka ba shi, ba matsala. Mai MB kuwa an yi masa feshin guba, kada ya kusanci abinci. A goge da samfefa, a shafa mai, ban da fenti, zafi na ɓata shi.

Kuɗin da za mu kashe wajen hayar rumfa da kujeru bana, a ganinmu gara a sayi inji ɗaya, a nemo kafinta ya koya musu. Muna roƙon shugabanni su sa maganar a zaman Lahadi.