«Ya Yi Kyau» Ba Gyara Ba Ne

Kwanakin baya wata ƙungiyar samari ta garinmu ta shirya nunin hotuna a zauren wani gidan raya al'adu, aka gayyaci malaman lakwal da shugabannin ƙungiyoyi, ni ma ina cikin waɗanda suka amsa kira. An rataya hotuna wajen arba'in: hawan salla, ƴan kokowa, mata a bakin rijiya, amarya cikin ƙawayenta. Muka zagaya, muka sha lemo, kowa ya ɗauki biro ya rubuta a littafin baƙi. Da na duba littafin sai na tarar duk bakinmu ɗaya: «Ya yi kyau», «Madalla», «Allah ya ƙara basira». Alhali kuwa da idona na ga hoton da aka datse wa doki ƙafafu, da wanda turken lantarki ya tsiro daga kan wani dattijo, da na amarya wadda aka goge mata fata har uwarta ba za ta shaida ta ba. Babu wanda ya ce uffan. Ni ma na rubuta nawa «madalla», na fita. Kunyar wannan kalma ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Abin da nake son faɗi ba shi da wuyar fahimta, sai dai yana da ɗaci: yabon da muke rabawa kamar goron suna cuta ce muke yi wa yaranmu. Wanda ya kawo maka aikinsa ya ce duba mini, amana ya ba ka. In ka ga aibu ka haɗiye, ka sallame shi da murmushi, ka ci amanar, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ka yi.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini shi. Za a ce yaro ne, kada a karya masa gwiwa. Za a ce kara da kunya su ne adon Bahaushe, ba a kunyata mutum a cikin jama'a. Za a ce ai ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kurum. To, mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Maganar karya gwiwa, ina tambayar malamai ƴan'uwana: wanene a cikinmu ke duba takardar ɗan lakwal, ya ga lissafi a karkace, ya rubuta masa «ya yi kyau» don kada ransa ya ɓaci? Malamin allo fa? In almajiri ya sa wasali inda ba wurinsa ba, ba a bari ya wuce, sai ya gyara kafin ya wanke allon. Tela ba ya kallon yaronsa ya ɗinka hannun riga a juye ya ce masa Allah ya ƙara basira; warware ɗinkin yake yi, ya ce sake. Maƙeri da baduku da magini duk haka suka koya, haka kuma suke koyarwa. Ashe gyara ba baƙon abu ba ne a al'adarmu, shi ne ma ginshiƙin kowace sana'a. Abin da ya sa muka keɓe hoto muka hana shi gyara, in za mu faɗi gaskiya, shi ne ba mu ɗauke shi da daraja ba. Muna ganin wasa ne, danna maɓalli ne kawai. Yabon namu raini ne da ya sa babbar riga.

Maganar kara kuwa gaskiya ce, amma kara tana koya mana inda za a yi magana da yadda za a yi ta, ba ta ce a yi shiru ba. Ana iya jan yaro gefe. Ana iya cewa ya zo gida da yamma da hotunansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saura masu cewa sha'awa ce kurum. Wannan ita ce mafi rauni. Yaron da ya fara da wayar salula bana, baɗi za ka gan shi da kyamara a wuya yana karɓar jaka goma ko ashirin a gidan biki. Ranar aure ba ta dawowa. In ya ɓata hoton ɗaurin aure, ba a sake tara jama'a don a gyara. Wanda muka ƙi gaya wa gaskiya a zaure, kasuwa za ta gaya masa ita ba tare da kara ba: za a daina kiransa, ba kuma wanda zai faɗa masa dalili.

Kada a ɗauka ina goyon bayan ɗaya ɓangaren, wato masu izgili. Akwai tsofaffin hannu da in ƙaramin yaro ya nuna musu aiki sai su taɓe baki su ce shirme ne, ko su ce je ka sayi kyamara ta kirki tukuna. Waɗannan da masu «madalla» uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, domin dukansu ba su duba hoton ba. Cewa «ya yi kyau» da cewa «shirme ne» duk hanyar gudun wahala ce. Gyara na gaskiya yana bukatar ka tsaya, ka duba, ka iya nuna wuri da yatsa.

To, me ake dubawa? Ba sai mutum ya yi karatu a Turai ba. Farko a tambayi mai hoton me ya so ya nuna. In ya ce ƙarfin ɗan kokowa ya so a gani, sai a duba ko idon mai kallo yana sauka kan ɗan kokowar, ko kuwa yana yawo tsakanin ƴan kallo da allon talla. Da nufinsa ake auna hoton, ba da son ran mai dubawa ba.

Na biyu haske, wanda a ƙasarmu shi ne babban abokin gaba kuma babban aboki. Ranar tsaka tana faɗowa daga bisa, ta mai da idanu ramuka biyu baƙaƙe, ta sa mutum ya yamutse fuska. A gaya wa yaro ya kai mutumin inuwar zaure ko gindin bedi, ko ya jira safiya ko bayan la'asar. Sannan ga matsalar da kowane mai hoton salla ya sani: baƙar fata cikin farar shadda. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne ta nemi matsakaici. In farin yadi ya cika wurin, sai ta rage haske, fuska ta nutse cikin duhu. Maganinsa a auna hasken a kan fuska, a waya ma taɓa fuskar da yatsa ya isa. Wannan bayani na minti ɗaya ya fi «madalla» ɗari amfani.

Na uku gefuna da baya. Mai koyo tsakiya kawai yake kallo. A koya masa ya zagaya da ido kusurwa huɗu kafin ya danna: ina ƙafafu, ina hannuwa, me ke bayan kai, ƙasa ta miƙe ko ta karkace? Taku biyu zuwa dama kan kawar da turken lantarki.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai, shi ne wankin fata. An wayi gari ana mai da ƴaƴanmu farare ƙal da na'ura, ana share musu tsagar gado da alamun fuska, mu kuma muna tafi. Masana tarihin hoto sun nuna cewa shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin hotunansa da katin gwaji mai ɗauke da hoton farar mace, abin da ya sa baƙar fata ba ta fita yadda take. Wancan laifin wasu ne. Yau da hannunmu muke aikata abin da ya fi shi muni, kuma malamin da ya ga haka ya yi shiru yana da nasa kaso.

Haka nan in mai hoto ya buɗe shafin tallar sana'arsa, a intanet ne ko a Facebook, ya ce a duba masa. Shafin nan shago ne, da idon mai saye za a shige shi. A sa kai a matsayin uwar amarya da ke neman mai hoto: cikin minti ɗaya ta gane a wane gari yake, a wace unguwa, yadda za a same shi, abin da yake karɓa, da kwana nawa ake jira kafin a sami hotuna? Sau da yawa ba ko ɗaya, sai kirari da Faransanci mai cike da kure, alhali masu kiransa da Hausa suke ciniki. A gaya masa hotuna goma sha biyu zaɓaɓɓu sun fi ɗari biyu, domin da mafi rauninsu za a yi masa hukunci. A gaya masa hoto mai nauyi yana cinye kuɗin intanet na mai kallo, ya gaji ya tafi tun bai buɗe ba. A gaya masa sunansa da ya shimfiɗa a tsakiyar fuskar mutane ya kashe hoton. Abubuwa biyu kuwa babu sassauci a kansu: ɗora aikin wani a ce nasa ne sata ce, kuma baza hoton matar mutane ko ƴar mutane don talla ba da izininta ba cin amana ne da kan iya girgiza aure. Wanda ya ga wannan ya ce «ya yi kyau» ya zama abokin laifi.

Wani zai ce duk wannan hayaniya a kan hoto? Mu dubi maƙwabta. Seydou Keïta ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, yana aiki da hasken rana a tsakar gida da zane a rataye a baya. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York ba tare da sunansa ba, sai daga baya aka bi sawu aka gano shi. Da ya rasu a 2001 duniya ta san shi. Malick Sidibé ya fara ne a 1955 a matsayin yaron wani Bafaranshe mai hoto, ya koyi aiki a wurinsa, har a 2007 aka ba shi Zakin Zinariya a babban bikin fasaha na Venise. Tun 1994 Bamako ta kafa taron masu hoto na Afirka. Mu ma muna da namu: Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar Yamai ta shekarun 1960 da 1970, kuma wanda ke son ganin yadda samarin wancan zamani suka yi ado da rawa, wurinsa zai koma. Dukansu masu hoton unguwa ne, na biki da na katin shaida, irin yaran da muke sallama da «madalla». Aikin da suka yi don cin abinci shi ya zama tarihin ƙasashensu.

Nan ne asarar take. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, tsara nawa ta ƴan kokowa ta wuce? Hawan salla a ƙofar fadar Damagaram, gine-ginen Birni masu zane da damina ke ci kowace shekara, kasuwannin Maraɗi, tsofaffin da ke tafiya da sana'o'insu: wa zai ajiye wa jikokinmu kamanninsu? Ba a taɓa ɗaukar hoto da yawa kamar yau ba, amma yawa ba ya maye gurbin kyau. In ba mu horar da idon yaranmu ba, baƙi za su ci gaba da zuwa su ɗauke mu yadda suka ga dama, mu kuma mu bar wa na baya tarin fuskoki marasa kama da masu su.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyinmu na raya al'adu da malaman makarantu. Duk wanda ya shirya nuni, ya ware yini guda na zaman gyara, a rufe ƙofa, masu hoto da ƴan kaɗan da suka san aiki su zauna. Kowa ya kawo hotuna biyar, kada su wuce haka. Mai magana ya fara da abin da ya yi daidai, ya kuma faɗi dalilin, domin yabon da ke da dalili shi ma darasi ne. Sannan ya kawo gyara ɗaya ko biyu, waɗanda yaron zai iya aikatawa gobe da kayan da ke hannunsa. A yi magana kan hoton, a bar mutumin. A sa ranar da zai dawo da sabon aiki, a ga ko maganar ta shiga. Malamin zane ko na tarihi yana iya yin irin wannan a aji da hoto ɗaya tak, ya tambayi yara me suka gani, daga ina haske ya fito, me aka bari a waje. Ba ya cin kuɗi, haƙuri da gaskiya kawai yake ci.

Ku kuma samari masu kyamara, ku daina kai aikinku inda kuka tabbata za a yaba. Ku nemi wanda zai ɓata muku rai na yini ɗaya ya gyara muku hannu na shekaru. In ya yi magana kada ku yi saurin kare kai. Ku rubuta, ku je ku gwada, in ya yi kure hoton da kansa zai nuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ni dai na koma gidan nunin kafin a sauke hotunan, na nemi yaron da ya ɗauki dokin nan, muka tsaya gaban hotonsa na nuna masa ƙafafun da ya datse. Ya yi shiru, sannan ya ce: «Malam, mutum nawa suka wuce ta nan, ba wanda ya gaya mini.» Wannan magana ba ni kaɗai ya yi wa ita ba.