RUWAN JAMA'A, TAKARDAR MASU HALI: WA KE DA BAKIN TEKUN LEGAS?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya hore wa bayinSa teku da koguna domin su ci daga cikinsu, su yi tafiya a kansu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, maganarmu ta yau a kan wata takarda ce da mutum ke karɓa daga hukuma kafin ya yi gini a bakin ruwa ko a kan ruwa, wato takardar izini. A birnin Legas wannan takarda ta zama wuƙa mai baki ɗaya: tana yanka masunci, tana shafar attajiri da ƙeya. Ni ina tare da dokar ɗari bisa ɗari, domin Musulunci ya riga Turawa kafa ta. Rigimata da masu riƙe da ita ce.

Mu fara da asali. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu. An kuma ruwaito cewa Abyad ɗan Hammal (RA) ya roƙi a yanka masa ma'adinin gishirin Ma'arib, aka ba shi. Da aka sanar da Annabi (SAW) cewa wurin kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa, sai ya karɓe kyautar. Daga irin waɗannan nassoshi malamai suka fitar da hukuncin harimin kogi, wato gaɓar da jama'a ke buƙata domin ɗiban ruwa da ɗaure jirage da sauke kaya. Ibnul Hajji, malamin Malikiyya mai littafin Al-Madkhal, wanda ya rasu a 1336, ya tsananta wajen hana gina gidaje a gaɓar kogin Nilu. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, shi ne kuma wanda ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rubuta risala sukutum kan hana tura gini zuwa bakin kogi, tana cikin Al-Hawi lil Fatawi. Wasu malaman Shafi'iyya ma sun ce ko masallaci ba a gina shi a harimin kogi.

Dokar Nijeriya, a rubuce, ba ta yi nisa da wannan ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, domin amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya. Dokar 1997 da ta kafa hukumar hanyoyin ruwa ta NIWA ta sanya mita 100 daga bakin hanyoyin ruwan tarayya ƙarƙashin kulawarta, ba a gini ko haƙar yashi a ciki sai da izini. Dokar 1992 kuma ta wajabta binciken illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi. To, madalla da rubutu. Sai mu duba aiki.

A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ba mutanen Maroko wa'adin kwana 7, sannan ta rushe garin, aka kiyasta mutum 300,000 sun rasa matsuguni. Hujjar ita ce wurin kwari ne, ruwa na cinye shi, bai dace da zaman ɗan Adam ba. Yau filayen wannan yanki suna cikin mafi tsada a Nijeriya. Ashe kwari yana dacewa da zaman mutum idan mutumin mai hali ne!

A watan Yuli na 2012 ma'aikatar kula da bakin ruwa ta jihar ta ba wani sashe na Makoko wa'adin awa 72. Makoko garin masunta ne da ya haura shekara 100, gidajen katako bisa dirkoki a kan tafkin Legas, kwalekwale ne titinsu. Laifinsu: gini a kan ruwa ba da izini ba. Aka zo da adduna da injin yankan katako aka sassare dirkokin.

A watan Oktoba na 2016 Gwamna Akinwunmi Ambode ya ba da sanarwar rushe unguwannin talakawa na bakin ruwa, da hujjar tsaro. Daga Nuwamba 2016 zuwa Afrilu 2017 aka shafe Otodo Gbame da ke yankin Lekki, alhali kotu ta riga ta ba da umarnin a dakata. Ƙungiyar Amnesty International ta ce sama da mutum 30,000 aka kora daga nan da wata unguwa, Ilubirin, kuma aƙalla 11 sun mutu. Mata da yara suka kwana cikin kwalekwale a tsakiyar ruwa. A watan Yuni na 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke cewa korar mutane haka, ba tare da tanadar musu wani wuri ba, ta saɓa wa tsarin mulki. Hukunci ya fito, amma gidajen sun riga sun zama toka, wurin kuma aka ci gaba da cike shi da yashi.

Yanzu ku juya ku dubi ɗaya ɓangaren. Eko Atlantic sabon birni ne da ake ginawa a kan kusan murabba'in kilomita 10 na yashin da aka zuba cikin teku. Ya tashi ne a gurbin Bar Beach, gaɓar da a da ɗan dako da ɗan kasuwa ke zuwa shan iska ba tare da an tambaye su kati ba. Masu aikin suna cewa sun dawo da ƙasar da teku ya cinye ne, kuma katangarsu tana kare Victoria Island daga ambaliya. Mu ɗauka haka ne. Amma wa ya halatta cewa ladan kare gaɓar jama'a shi ne mallake ta? Masunci ya kafa dirka huɗu, ruwa na gudana a ƙarƙashinsa, kifi na wucewa, an ce ya ci haƙƙin jama'a. Kamfani ya binne ruwan ɗungum ya yanka filaye, an ce ci gaba ne. Wannan shi ne kashin dankali, babba a kan ƙarami.

Hatta doguwar shari'ar da aka yi tsakanin jihar Legas da NIWA, wadda Kotun Ƙoli ta raba a watan Janairu na 2024 ta ba tarayya gaskiya, kan wa ke da ikon ba da lasisi da karɓar kuɗi aka yi ta. Haƙƙin mai kamun kifi bai kai a yi masa irin wannan ɗauki-ba-daɗi ba.

Wani zai ce: Malam, ai kai da bakinka ka ce malamai sun hana gini a harimin kogi, to masuntan ma sun saɓa. Na'am, hukuncin ya hau kowa, kuma gida a ƙarƙashin babbar wayar lantarki ko a kan hanyar jirage haɗari ne da ya kamata a kawar. Sai dai ku saurari yadda Sayyidina Umar (RA) ya tsare hurumi. Imam Malik da Bukhari sun kawo cewa da ya naɗa bawansa Hunayyu mai gadin hurumin kiwo, ya umarce shi da ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya kuma tsare dabbobin Ibnu Aufin da Ibnu Affan. Dalilinsa shi ne waɗannan biyun idan dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa zai kwaso 'ya'yansa ne ya zo ƙofar shugaba yana kuka. Sahabbai biyu cikin goman da aka yi wa albishir da Aljanna, amma dukiyarsu aka fara tsarewa daga kayan jama'a! Ma'aunin Umar ke nan: tsanani ga mai ƙarfi, sassauci ga mai rauni. Legas ta ɗauki wannan ma'auni ta kifa shi.

Wani kuma zai ce: me ya haɗa mu da su, yawancinsu ma Egun ne, ba Musulmi ba? Subhanallah! A ina aka ce zalunci yana halatta idan wanda aka yi wa ba ya salla? Kuma in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kududdufan Kano da aka cike aka yanka filaye, ruwan damina ya rasa mazauni ya koma gidajen mutane, ai wannan ciwon ne da wata riga.

Abin da adalci ke nema a fili yake. A wallafa sunan duk wanda aka ba izinin cike ruwa, da girman wurin, da abin da ya biya. A buɗe wa tsofaffin garuruwan masunta ƙofar samun takarda da kuɗin da suke iya biya, domin dokar da talaka ba shi da hanyar cika ta tarko ce. Kada a rushe gida sai bayan shawara da wa'adi na hankali da wurin komawa da diyya. Duk wanda aka ba bakin ruwa kuma a wajabta masa barin hanyar da jama'a za su isa ruwan kyauta.

Ya ku matasa, cikinku akwai injiniyoyin gobe da masu awon ƙasa da lauyoyi da manyan sakatarori. Wata rana fayil zai zo teburinku yana neman sa hannu. Ku tuna Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ƙwaci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi tun daga ƙassai bakwai ranar alƙiyama. Hatimin gwamna ba ya sauke wannan kaya daga wuyan kowa.

Allah Ya ba shugabanninmu tsoronSa, Ya saka wa waɗanda aka zalunta, Ya tsare hannayenmu daga cin haƙƙin jama'a. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.