Jirgin shaƙatawa da kuɗin ruwa: Darasi daga kasuwar Amurka

A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina mamakin yadda Bahaushe ya zaɓi kalmar "ruwa" ya laƙaba wa ƙarin da ake biya a kan bashi. Duk bayanin da masana za su bayar game da asalin wannan suna, ban taɓa ganin inda ya dace da zahiri kamar a kasuwar jiragen ruwan shaƙatawa ta ƙasar Amurka ba. Wannan kasuwa, kamar yadda zan nuna wa mai karatu, a kan ruwa biyu take tafiya, wato ruwan tafki da kuɗin ruwa, kuma na biyun ne ke yanke mata hukuncin ci gaba ko durƙushewa.

Da farko ya kamata mu kawar da wata fahimta da ke zukatan yawancinmu, cewa jirgin shaƙatawa kayan hamshaƙan attajirai ne kawai. A Amurka akwai irin waɗannan jirage fiye da miliyan 11 da aka yi wa rajista. Ƙungiyar masu ƙera su, wadda ake taƙaita sunanta da NMMA, ta ce kimanin kashi 95 cikin ɗari ba su kai ƙafa 26 a tsawo ba, wato ƙanana ne da mutum zai ɗora a tirela ya ja da motarsa zuwa bakin tafki ranar hutu. Masu sayensu kuwa galibi ma'aikata ne da ƙananan 'yan kasuwa da 'yan fansho, kuma da yawansu da rancen banki suke saye, su riƙa biya wata-wata na tsawon shekara goma har zuwa ashirin. Saboda haka idan wannan kasuwa ta motsa, aljihun matsakaicin Ba'amurke ne ya motsa.

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe filayen jirgin sama da gidajen kallo da wuraren taruwa, jama'a suka nemi hanyar shan iska da ba ta haɗa su da cunkoso. A watan Maris na shekarar Babban Bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa zuwa kusan sifili, gwamnati kuma ta raba wa mafi yawan manya tallafin dala 1,200 kowannensu a zagayen farko. Ga lokaci, ga kuɗi a hannu, ga bashi mai araha. Sakamakon haka aka sayar da sababbin jirage masu inji sama da 310,000 a wannan shekara, ƙarin kusan kashi 12 cikin ɗari a kan na 2019, adadin da rabon a ga irinsa tun kafin rikicin tattalin arziki na 2008. An kuma ƙiyasta cewa mutum kimanin 415,000 ne suka sayi jirgi, sabo ko na hannu, a karon farko a rayuwarsu. Wannan tururuwa ta sababbin hannu ta zo da nata tsadar, domin rundunar tsaron gaɓar tekun ƙasar ta ƙirga mutum 767 da suka rasu a haɗarin irin waɗannan jirage a 2020, alhali kuwa 613 ne a 2019.

Da buƙata ta fi ƙarfin kaya, sai farashi ya tashi. Masana'antu suka rasa isassun injuna da na'urorin lantarki da alminiyom, tsananin sanyin da ya afka wa jihar Texas a watan Fabrairun 2021 kuma ya tsayar da kamfanonin sinadaran da ake haɗa jikin jirgi da su. Mai saye ya koma bin layi na watanni, ciniki ya ƙare, jiragen hannu kuma suka yi darajar da ba su saba yi ba. Dillalai da masu ƙira suka ɗauka cewa sabon zamani ne ya zo, suka faɗaɗa masana'antu, suka ƙara ma'aikata.

Amma rana ba ta ƙarya. Daga watan Maris na 2022 Babban Bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa domin yaƙar hauhawar farashi, sau 11 a jere kusan, har ya kai tsakanin kashi 5.25 da 5.5 cikin ɗari a watan Yulin 2023. Domin mai karatu ya ga nauyin abin, bari mu yi ɗan lissafi. Wanda ya ranci dala 50,000 na shekara 15 a kan kashi 5 cikin ɗari zai riƙa biyan kimanin dala 395 a wata. Idan ruwan ya koma kashi 9, biyan zai zama kimanin dala 507, wato ƙarin kusan dala 20,000 kafin bashin ya ƙare, alhali jirgin bai ƙara ko taku ɗaya ba. Shi ma dillali da bashi yake cika rumfarsa, don haka duk jirgin da ya kwana bai sayu ba, ruwa yake ci. A 2024 cinikin sababbin jirage masu inji ya sauko zuwa tsakanin 230,000 da 240,000, a ƙiyasin ƙungiyar masu ƙirar. Kamfanin Brunswick, wanda ya mallaki injunan Mercury da jiragen Sea Ray da Boston Whaler, ya ga cinikinsa ya faɗo daga kimanin dala biliyan 6.8 a 2022 zuwa biliyan 5.2 a 2024, aka rage ƙira, aka sallami ma'aikata. Bugu da ƙari, harajin shigo da alminiyom da ƙarfe da gwamnatin Donald Trump ta ɗaga zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Yunin 2025 ya ƙara wa masu ƙira nauyi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda zaɓin masu saye ya sauya. Na farko, iyalai sun karkata ga wani samfuri da suke kira fontun, wato faffaɗan dandamali mai kujeru da aka ɗora a kan manyan bututun alminiyom biyu ko uku, domin yana ɗaukar mutane da yawa kuma tuƙinsa ba wuya. Na biyu, injin da ake ratayawa a bayan jirgi ya samu karɓuwa fiye da wanda ake binnewa a ciki, saboda sauƙin gyara da canji, har ta kai a 2021 Mercury ya fitar da irinsa mai ƙarfin doki 600. Na uku, mutane da yawa sun koma kasuwar na hannu, wadda dama ta ninka ta sababbi a yawan ciniki. Na huɗu kuma, wanda a ganina ya fi muhimmanci, wasu sun haƙura da mallaka gaba ɗaya, sun shiga kulob, inda mutum zai biya kuɗin shiga da na wata-wata, ya ɗauki jirgi ranar da yake so ya mayar. Brunswick ya hango wannan tun 2019, lokacin da ya sayi Freedom Boat Club, wanda daga baya rassansa suka haura 400. Duk wanda ya taɓa riƙon doki zai gane hikimar, domin sayen dokin shi ne ƙaramin aiki, ciyar da shi ne babba. Haka jirgi yake cin mai da inshora da kuɗin wurin ajiya da gyara, ko an hau ko ba a hau ba.

A can ƙololuwar kasuwar kuwa labarin daban ne. Manyan jiragen alfarma da suka haura mita 24, waɗanda Italiya ke ƙera kusan rabinsu ta hannun kamfanoni irin su Azimut-Benetti da Sanlorenzo da Ferretti, odarsu ta wuce dubu ɗaya a duniya a 2022 da 2023, daidai lokacin da ƙaramin mai saye yake ja da baya. A 2023 aka miƙa wa Jeff Bezos jirginsa mai suna Koru, mai tsawon mita 127. Masu irin wannan saye ba sa jiran banki ya rage ruwa. Wani lokacin ma tambayar ita ce daga ina kuɗin suka fito, kuma mu 'yan Najeriya ba baƙi ba ne a wannan babi, domin a 2017 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta nemi kotu ta ƙwace jirgin Galactica Star, na kimanin dala miliyan 80, bisa zargin cewa da kuɗin cin hanci a kwangilolin man fetur ɗinmu aka saye shi.

Wani zai ce, to a ɗora wa jiragen haraji mana a huta. Amurka ta gwada. A 1990 majalisarta ta sanya harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da ya haura dala 100,000 na farashin jirgi. Harajin ya faɗo a kan lokacin karayar tattalin arziki, attajirai suka jinkirta saye ko suka koma na hannu, masu walda da kafintoci da fenti a masana'antu suka rasa aiki, tilas aka soke shi a 1993. Haka kuma bayan rikicin 2008, babban kamfanin Genmar ya bayyana fatara a 2009. A kowane zagaye, wanda ya fi jin jiki shi ne ma'aikaci da mai matsakaicin ƙarfi da ya ci bashi a lokacin araha.

Ra'ayina a nan shi ne, bunƙasar 2020 da 2021 ba shaidar ƙaruwar arziki ba ce, shaidar arahar bashi ce, kuma duk wanda ya kasa bambance waɗannan biyu, mai saye ne ko mai ƙira ko mai tsara manufa, zai biya kuɗin kuskurensa daga baya. Wannan ya shafe mu ko da ba mu da tafkin shaƙatawa a ƙofar gida. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar CREDICORP domin saukaka wa ma'aikata sayen kaya a kan bashi, a shekarar da Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban musa ba. Sai dai kafin mutum ya sa hannu a takarda, ya kamata ya tambayi kansa abu biyu: nawa zan biya gaba ɗaya, kuma nawa abin zai riƙa ci bayan na saye shi? Dubban Amurkawa ba su yi wannan lissafi ba sai da jirgin ya riga ya iso ƙofar gida. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.