Garke ɗaya, makiyaya huɗu: halin da kifin sardinel ke ciki

Ƙasar Nijar ba ta da gaɓar teku, amma kifin teku ya daɗe da zama abincin gida. Daga Yamai zuwa Maraɗi, daga Tawa zuwa Damagaram, daskararren kifi na kwali shi ne naman ƙaramin ma'aikaci idan wata ya yi nisa. Wani ɓangare nasa daga ruwan Muritaniya yake fitowa. Saboda haka abin da ke faruwa a wannan ruwa ya shafi ɗan kasuwar da ke sarin kifin, ya shafi magidancin da ke sayensa.

Gaɓar da ta tashi daga Maroko ta bi Muritaniya da Senegal da Gambiya tana cikin wuraren da suka fi yalwar kifi a duniya. Dalili shi ne iska tana kore ruwan sama, ruwa mai sanyi na ƙasa ya taso da abincin da ƙananan kifaye ke rayuwa a kansa. Cikinsu akwai sardinel, wanda mutanen Senegal ke kira yaboy, kifin talaka, da mata ke ƙyafewa su busar, a kai shi har Mali da Burkina Faso. Sardinel ba ya zama wuri ɗaya. Lokacin sanyi yana ruwan Senegal, idan zafi ya shigo ya haura arewa. Tamkar garken shanu ne mai bin ciyawa: garke ɗaya, ƙasashe huɗu.

Nan ne matsalar take. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sa wa hannu a 1982 ta soma aiki a 1994, ta ba kowace ƙasa mai gaɓa iko da albarkatun ruwa har nisan mil 200, wato kimanin kilomita 370. Ta ɗora mata nauyin ƙayyade yawan abin da za a kama. Ta kuma ce ƙasashen da ke tarayya a kifi ɗaya su nemi jituwa kan kiyaye shi. Sashen farko kowa ya karɓe shi hannu biyu, na ƙarshen ne ya gagara. Hukumar kamun kifi ta yankin, CSRP, tana Dakar tun 1985, amma ba ta da ikon tilasta wa kowa, kuma Maroko ba ta cikinta. Masanan kwamitin COPACE na hukumar FAO sun yi shekaru suna shelar cewa kamun sardinel ya wuce kima, suna neman a rage. Shawara ce kawai.

Ɗan kasuwa ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Manyan kifaye masu ƙwai su ne uwar kuɗi, ƙaruwar kowace shekara ita ce riba. Wanda ya ci riba ya bar uwa, gobe ma zai ci. Wanda ya taɓa uwar kuɗi zai ga rumfarsa cike na ɗan lokaci, sannan ya rufe.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne masana'antun garin kifi. Bayan 2010 sun yawaita a Nuwadibu ta Muritaniya, wasu kuma a Senegal da Gambiya. Sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a sami kilo 1 na gari, garin kuma a fitar da shi Sin da Turkiyya da Turai don kiwon kifi da dabbobi. Rahoton da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan 500,000 ake niƙawa kowace shekara, abin da zai ishi mutum miliyan 33. Masana'anta tana saye da yawa, tana biya nan take. Mai ƙyafe kifi ba ta iya ja da ita.

Ba a ce ba a yi komai ba. Muritaniya ta kafa sabuwar dokar kamun kifi a 2015, wadda ta shigo da tsarin ƙayyade rabo. A 2018, bayan harbe wani masunci ɗan Senegal da tarzomar da ta biyo baya a Sanluwi, ƙasashen biyu sun daidaita kan izinin kwale-kwale 400 da tan 50,000. A 2024 Senegal ta buga jerin jiragen da ke da izinin kamu a ruwanta. Duk matakai ne masu kyau, sai dai mafi yawansu kan rabon kifi ne, ba kan barin iri ba.

Ƙasar Kanada ta ɗanɗana ƙarshen irin wannan hanya. A 1992 ta dakatar da kamun kifin kod a gabashinta bayan ya kusan ƙarewa, mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi. Sai a 2024 aka sake buɗewa, shi ma da ƙaramin rabo. Shekara 32 ke nan, a ƙasa mai dukiyar tallafa wa masuntanta.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasashen huɗu su amince da adadi ɗaya bisa lissafin masana, su raba shi tsakaninsu. A auna abin da ake saukewa a kowace tasha, a buga shi kowa ya gani. A hana raga mai ƙananan idanu, a huta lokacin ƙwai. Kifin da mutum zai iya ci kada ya shiga injin niƙa.

Nijar ma tana da bakin magana. Ta shiga yarjejeniyar teku a 2013, sashe na 69 kuma ya ba ƙasashen da ba su da gaɓa haƙƙin samun rabo daga rarar kifin yankinsu. Amma rara ba ta samuwa inda aka cinye uwar kuɗi. Ya kamata ma'aikatun da abin ya shafa da ƙungiyoyin masu shigo da kifi su riƙa bin wannan batu kamar yadda suke bin farashin shinkafa, domin ranar da garken ya watse, kuɗin kwali ne zai fara ba da labari a kasuwa.