Gidan Wa Kake Ginawa? Tsokaci Kan Haraji da Kuɗin Gini Daga Ƙetare



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Sanin kowa ne cewa Bahaushe duk inda neman abinci ya kai shi hankalinsa yana gida, kuma da zarar Allah Ya buɗa masa, burinsa na farko shi ne ya ga an ɗora bulo a kan bulo a garinsu. Likita ne shi a Landan ko direban tasi a Amurka, lissafin siminti da rodi da kwano ba ya barin kansa. Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare suka aiko gida a shekarar 2023 da kusan dala biliyan 20, kuma babu shakka a cikin wannan dukiya akwai kuɗin gidaje masu yawa da aka kai linta, da waɗanda aka rufe, da waɗanda har gobe ba su wuce harsashi ba.

Tambayar da na fi jin 'yan'uwa suna yi ita ce: shin idan na aika kuɗin gini gida, hukuma za ta caje ni haraji? Amsar a mafi yawan lokuta ita ce a'a, ko kuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. To amma kafin ma'aikacin haraji ya ba da wannan amsa, sai ya fara yin tasa tambayar, wato kuɗin nan na wa ne bayan sun sauka, kuma gidan nan na wa ne bayan an gama shi. A ganina nan ne gizo ke saƙar, domin kuwa wannan ita ce ainihin tambayar da Shari'a ta wajabta mana amsawa tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, mu kuma muke kauce mata saboda kunya da kara.

Bari mu ɗauki Amurka, tunda nan ne aka fi samun ruɗani. A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a wata babbar dokar kuɗi, wadda a cikinta aka ƙaƙaba harajin kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da ake aikawa waje, daga 1 ga Janairun 2026. Da farko kashi 5 aka nema, aka sauko zuwa 3.5, kafin a tsaya a 1. Wannan haraji ya shafi wanda ya je wurin masu aika kuɗi ya miƙa tsabar kuɗi ko takardar da ke madadin tsabar ne. Wanda ya tura daga asusunsa na banki, ko da katin banki na ƙasar, bai shiga ciki ba. Wato mai aika dala 20,000 a hannu zai ƙara dala 200, mai turawa daga asusu kuwa ba zai ƙara ko sisi ba. Zaɓar hanya ta biyu halal ce tsantsa, domin ita kanta dokar ce ta bar ƙofar a buɗe.

Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne sunan da za a ba kuɗin. Wanda ya tura wa ƙanensa kuɗin gini, ɗaya daga abu uku ya yi, ko ya sani ko bai sani ba: ko dai ya ba shi kyauta, ko ya ranta masa, ko kuwa ya wakilta shi ya gina masa nasa gidan. Kowanne yana da hukuncinsa a littattafan fiƙihu, kowanne kuma yana da takardarsa a wurin hukumar harajin Amurka, wato IRS.

Idan kyauta ce, doka ta yarje wa mutum ya ba kowane mutum guda har dala 19,000 a shekara, a 2025 da 2026, ba tare da ya cike komai ba. Idan ya wuce haka sai ya cike Fom 709, kuma ko a nan ba biya zai yi ba, za a rage ne kawai daga rangwamen da aka ba kowane ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin na tsawon rayuwarsa, wanda ya kai dala miliyan 15 a 2026. Wa ke cikinmu da zai kusanci wannan adadi? Ashe ke nan abin da ake gudu ba kuɗi ba ne, takarda ce. Sai dai mai karatu ya lura, wanda ya rubuta wa hukuma cewa kyauta ya yi, to ya shaida a kan kansa cewa kuɗin sun fita daga mulkinsa. Ba daidai ba ne a gaban Allah mutum ya ce wa IRS kyauta ce, ya ce wa ƙanensa ajiya ce, ya ce wa matarsa gidan 'ya'yanta ne. Dole biyu daga cikin maganganun nan uku su zama ƙarya, kuma ranar da ya kwanta dama su ne za su haɗa zumunci faɗa.

Idan rance ne, aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta yi umarni da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Akwai wani abin mamaki a nan da ya kamata Musulmin Amurka ya sani. Mu a wurinmu bashi ba ya haihuwa, duk ƙarin da aka sharɗanta riba ce. Amma dokar harajin can tana iya ƙiyasta wani ruwa a takarda a kan rancen da ya wuce dala 10,000 wanda ba a sa masa ruwa ba, ta lissafa shi kamar mai rancen ya samu, ko da yake akwai sassauci ga rancen zumunci da bai wuce dala 100,000 ba. Wannan ba ya tilasta wa kowa cin riba, amma dalili ne na a nemi akanta tun kafin a tura kuɗin.

Na uku, wato wakilci, shi ne halin da yawancinmu ke ciki, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Gidan naka ne, ƙanenka ɗan aike ne kawai, kuɗin da ke hannunsa amana ne. A nan babu maganar harajin kyauta, domin mutum ba ya yi wa kansa kyauta. Amma akwai wata ƙa'idar: duk mazaunin Amurka da jimillar abin da ke asusunsa na ƙasashen waje ta haura dala 10,000, ko da na yini ɗaya ne a cikin shekara, wajibi ne ya ba da rahoton da ake kira FBAR. Wannan ya haɗa har da asusun da ke ɗauke da sunan wani, matuƙar wancan wakilinka ne da ke riƙe maka kuɗin. Rahoton kyauta ne, ba a biyan komai, amma tarar wanda ya ɓoye da gangan tana iya kai rabin abin da ke cikin asusun. Shi kansa ginin ba a sa shi a wannan rahoto, sai dai ranar da aka zuba 'yan haya, kuɗin hayar ya zama kuɗin shiga da za a bayyana, domin Amurka tana bin mutanenta haraji a kan abin da suka samu ko'ina a duniya.

Yanzu mu leƙa Ingila, inda na ga wani abu da ya daɗe yana ba ni sha'awa. A can ba a karɓar haraji lokacin da mutum ya yi wa ɗan'uwansa kyautar kuɗi. Amma idan mai kyautar ya rasu kafin shekara 7, abin da ya wuce fam 3,000 na rangwamen shekara ana mayar da shi cikin lissafin dukiyarsa, kuma harajin gado kashi 40 ne a kan abin da ya haura fam 325,000. Daga 6 ga Afrilun 2025 kuma, wanda ya zauna a ƙasar shekara 10 cikin 20 da suka gabata, dukiyarsa ta ko'ina tana shiga lissafin, har da gidan da ya gina a Kano ko Katsina. Sa'an nan suna da wata ƙa'ida: wanda ya ce ya ba da gida kyauta amma ya ci gaba da cin moriyarsa kamar da, to a idon hukuma bai bayar ba, gidan yana nan cikin dukiyarsa.

Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin a zaure zai ji wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnensa. A mazhabar Imamu Malik kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa. Idan mai kyauta ya rasu kafin haka, abin ya koma gado. Muwaɗɗa ta kawo labarin Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya yi wa Nana A'isha kyautar dabino daga gonarsa, ba ta kai ga karɓa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya sanar da ita cewa yanzu ya zama dukiyar magada. Idan kyautar Siddiƙu ga Uwar Muminai ba ta tsaya da baki kawai ba, ina ga tamu? Mutum ya ce "gidan nan na Hajiya ne," alhali takardar fili da sunansa, makulli yana aljihunsa, shi ke sa mai haya shi ke fitarwa. Hajiya ba ta da gida. Ranar da ya riga ta tafiya, matuƙar ya bar 'ya'ya, sudusi ne rabonta, sauran na matarsa da 'ya'yansa da sauran magada, waɗanda wataƙila ba su taɓa kwana a garin ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo, shi ne gini a kan filin gado da ba a raba ba. Ɗan'uwa na ƙetare ya turo kuɗi aka rushe tsohon gidan ƙasa na mahaifi aka tayar da bene, kowa yana sa albarka. Ba wanda ya tambayi 'yan'uwa mata ko sun yafe rabonsu na filin, ko sun sayar, ko suna nan a kan haƙƙinsu. Su kuma kunya ta hana su magana, ga shi an ce taimako aka yi. Shekara ashirin bayan haka 'ya'yan mai kuɗin su ce ubansu ne ya gina, 'ya'yan gwaggo su ce ƙasar ta kakansu ce, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Alƙali ne zai sha wahalar raba gini da ƙasar da yake tsaye a kai. Haka nan uban da ya sa sunan ɗa guda a takarda ya bar sauran, ya tuna da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kan kyautar da aka fifita ɗa ɗaya da ita.

Na san akwai masu cewa ai haraji zalunci ne, an yi mummunan gargaɗi a hadisi ga mai karɓar makasu, saboda haka babu laifi a yi wa hukumar da ba ta Musulunci ba dabara. Ban gamsu da wannan ba. Ko da mun sallama cewa wani harajin zalunci ne, zunubin yana kan mai karɓa, bai zama lasisin ƙarya ga mai bayarwa ba. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa Musulmin da ya shiga ƙasar wasu da aminci ba ya halatta ya ha'ince su, kuma biza da takardar zama alkawari ne. Takardar harajin Amurka ma ana sa mata hannu ne bisa sharaɗin hukuncin shaidar zur. To wanda ya rubuta kuɗin ginin gidansu a matsayin sadakar da za a rage masa haraji a kanta, alhali dokar ba ta ba da rangwame kan abin da aka ba ɗaiɗaikun mutane ba, me sunan abin da ya yi?

Daga cikin dabarun da ake koya wa juna akwai yanka kuɗi ƙanana-ƙanana, dala 9,000 yau 9,000 jibi, don kada banki ya kai rahoton tsabar da ta wuce dala 10,000. Rahoton nan ba ya cutar da mai halal da komai, amma yankawar da nufin kauce masa laifi ne mai zaman kansa a dokar Amurka, ko da kuɗin guminka ne. Haka mai ɗauko kuɗi a jaka ya hau jirgi: ɗaukar ba laifi ba ce, rashin bayyana abin da ya wuce dala 10,000 ne laifin, a can da kuma nan filin jirginmu. Shi kuwa tsarin ba wani dala a can ɗan'uwansa ya biya naira a nan, in mai yin ba shi da lasisi ya saɓa doka, kai kuma ba ka da rasit ɗin da za ka nuna wa hukuma ko magada.

Kada kuma a manta da zakka. Gidan zama ba a fitar masa da zakka, amma kuɗin da aka tara domin gini, in sun kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinariya, shekara kuma ta zagayo suna ajiye, ana fitar da kashi 2.5 cikin 100, suna asusunka ne ko suna hannun wakilinka. Niyyar gini ba ta ɗauke ta, harajin da ka biya gwamnati ma bai tsaya a madadinta ba.

Shawarata ita ce kafin a tura kuɗin tipar yashi ta farko, a rubuta takarda guda da Hausa, a faɗi filin na wane ne, kuɗin kyauta ne ko rance ko amana, sunan wa za a sa a takardar mallaka ta gwamnati, da wanda zai zauna a ciki da kuma bisa wane sharaɗi. Maza biyu adilai su sa hannu, 'yan'uwa mata su ji abin da aka rubuta da kunnensu, kowa ya riƙe kwafi. Abin da aka rubuta a wannan takarda shi za a faɗa wa akanta. Idan ƙane ya ɓata rai ya ce ba a yarda da shi ba, a tuna masa cewa takardar shi ta fi karewa, domin shi ne za a fara tuhuma ranar da 'ya'yan yayansa suka sauka daga jirgi suna tambayar ina kuɗin babansu suka shiga.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum.