Dutsen da Ya Faɗo a Gujba

Masana sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 4,600 da suka wuce babu rana, babu duniyar nan, sai wani ƙasaitaccen gajimare na iskar gas da ƙura. Nauyinsa ya sa ya dunƙule yana juyawa, har ya baje kamar faifai. Tsakiyarsa ta ɗauki zafi ta zama rana, ƙurar gefe kuwa ta riƙa mannewa, daga tsakuwa zuwa duwatsu, duwatsu suna karo da juna har duniyoyi suka ginu.

Yawancin duwatsun da ke faɗowa daga sama ragowar wannan gini ne, kuma da su ake ƙididdige shekarunsa. Ɗaya ya faɗo yankin Gujba a 1984, aka farfasa shi, kowa ya tafi da guntunsa. Wani da aka tsinta a jihar Agadas, ɓallin duniyar Mars, sai a Amurka aka yi gwanjonsa a 2025, kan fiye da dala miliyan 5.

A ganina wannan sakaci ne. Ya kamata hukuma ta kafa dokar da za ta ajiye irin waɗannan duwatsu a jami'o'inmu, inda ɗalibin kimiyyar ƙasa zai auna su da hannunsa.