Ɗigo Ɗaya Ya Kashe Kariya

Masu rubuta manhaja suna da wata mummunar ɗabi'a. Sukan kwana suna tace lambobin shiri, amma fayilolin da ke harhaɗa shi sai a bar su kamar kayan gado, ba mai taɓawa. Wannan sakaci ne tsagwaronsa.

A watan Maris na 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya bankaɗo ɓoyayyiyar ƙofa a xz, manhajar matse fayiloli da Linux ke dogaro da ita. A rubutun harhaɗawa aka ɓoye mabuɗin ƙofar, inda ido bai cika kaiwa ba. A fayil ɗin CMake kuwa, ɗigo ɗaya tak aka saka, gwaji ya faɗi, kariyar Landlock ta mutu shiru.

Masu cewa "tunda yana aiki, a ƙyale shi" su sani, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kunna _FORTIFY_SOURCE da -fstack-protector-strong a GCC aikin layi biyu ne. Duk gyaran da ya shafi fayil ɗin harhaɗawa, a sa mutum na biyu ya karanta shi harafi-harafi kafin a amince.